Ranar da Tanti Domnica Ta Karɓi Sitiyari

Octavian ya iso ƙofar gidan Tanti Domnica da ƙarfe tara na safe, ya danna oda sau biyu don maƙwabta su leƙo. Sun kuwa leƙo. Motar baƙa ce wuluk, doguwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, injinta na gurnani ko a tsaye take. Shekara bakwai ya yi yana rufin gidaje a Jamus kafin ya mallake ta. Ta hannu ce, amma wa zai gane a nan garin Campeni? Kwana biyu ya yi a hanya da ita, don ya halarci addu'ar cika shekara ta mahaifinsa a cocin ƙauyensu da ke can bisa tsauni.

Tanti Domnica yayar mahaifin nasa ce, gajeriyar mace mai shekara sittin da takwas. Ta fito da baƙin kallabi da takalmin roba, tana rungume da babban farantin koliva, dafaffiyar alkamar nan mai zuma da ake rabawa don mamaci. Tun asuba ake yayyafi irin na ƙarshen Nuwamba, ba ƙarfi, sai sanyi mai shiga ƙashi.

Ba ta shiga ba tukuna. Ta miƙa masa farantin, ta zagaya motar, ta durƙusa da ƙyar a gindin tayar baya ta danna farcenta.

"Tavi, wannan ai tayar rani ce."

"Sababbi ne fa, Tanti. Dubi faɗinsu kawai."

"Na ga faɗi. A sanyin nan robar ta zama katako. Da waɗanne take turawa, na gaba ko na baya?"

"Na baya. Ƙarfin doki ɗari huɗu gare ta."

"Doki ɗari huɗu," in ji ta, tana miƙewa da dafa gwiwa, "kuma ko ɗaya ba a yi masa takalmi ba."

Ya yi dariya ya buɗe mata ƙofa. Ya san ta yi shekara ashirin da takwas tana tuƙa motar asibiti. Kowa ya san haka, kamar yadda aka san wane ya yi aikin gidan waya, amma bai taɓa zama ya yi tunanin abin da aikin ya ƙunsa ba.

Da ta zauna ta ɗora farantin a cinya, sai ta nuna wata 'yar fitila rawaya da ke ci a bayan sitiyari.

"Wannan fa?"

"Na'urar da ke hana taya zamewa ce. Tun iyakar Hungary take ci. Waya ce ta saki, ba wani abu ba."

"Uhm," in ji Tanti.

Suka bi gefen kogin Aries, suka haye gada, hanya ta fara hawa. A kwanar farko bayan gadar suka tarar da amalanken doki maƙare da itace, yana tafiya kamar ba ya so. Octavian ya leƙa ya ga ba mai zuwa. Tun bai gama fita daga kwanar ba ya karkata hagu ya taka totur, yana so Tanti ta ji yadda motar ke manna mutum da kujera.

Injin ya yi ihu, amma motar ba ta yi gaba ba. Bayanta ne ya fice zuwa dama, a hankali da farko, kamar wani ƙato ya sa kafaɗa ya ture shi. Octavian ya ga amalanke ya wuce ta gilashin gaba daga dama zuwa hagu, sai bishiyoyi, sai sararin sama fari fat. Ya danna burki iya ƙarfinsa. Motar ta juya sau ɗaya da rabi, ta tsaya tana fuskantar inda suka fito, tayarta ta baya a kan ciyawar bakin gangare. Can ƙasa kogi na ta hargowa a kan duwatsu.

Mai amalanke ya tsaya ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ɗaga murya ya aiko musu da zagi mai tsawo, ya kaɗa dokinsa.

Ƙafar Octavian na nan danne da burki.

Tanti ta duba farantinta, ta gyara takardar da aka rufe shi da ita.

"Ka ji ciwo?"

"A'a."

"To fito. Zo ka riƙe wannan, kuma kada ka karkata shi."

"Tanti, motar nan ba irin..."

"Ɗana, za a fara addu'a ƙarfe goma. Fito."

Ya fito ya karɓi farantin. Ta zauna a mazauninsa, ta jawo kujerar gaba har ta ƙure, ta cire takalmin robarta ta ajiye a baya, ta bar safa kawai. Ta juya motar a hankali, ta ɗan taka totur a miƙaƙƙen wuri har bayan ya motsa kaɗan, ta saki. Ta sake yi. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta ɗanɗana miya ta ji gishirinta.

Daga nan hanya kwana ce bisa kwana. Ruɓaɓɓun ganyaye sun manne a kwalta, kuma duk inda inuwar tsauni ta faɗa, ruwan ya fara daskarewa yana wani irin ƙyalli. Octavian ya zuba wa ƙafarta ido. Yatsunta ne kawai ke aiki a cikin safa, suna dannawa kamar mai taɓa ƙwai. Ba ta ƙara wuta sai sitiyari ya miƙe. Motar da ya saba ji tana fizga, ga ta tana hawa lafiya lau, ita kuma Tanti tana ba shi labarin maƙwabciyarta da ta zargi karen fada, limamin cocinsu, da cinye mata kaji.

A kwana ta tara, wadda dutse ya kare ganin abin da ke bayanta, babbar motar katako ta ɓullo tana gangarowa a tsakiyar hanya. Tanti ta kauce dama. Tayoyin baya suka hau tarin ganye, kuma Octavian ya ji abin nan ya dawo, wannan turawar daga baya. Ya rungume faranti ya buɗe baki.

Hannayen Tanti suka wulwula sitiyari zuwa ɓangaren da bayan ya tafi, da saurin da idonsa bai iya bi ba. Ba ta taɓa burki ba. Ƙafarta ma ba ta bar totur gaba ɗaya ba, ta dai sassauta. Motar ta karkace ta tsaya a karkacen, kuma a haka ta ci gaba da shan kwanar, hancinta na kallon dutse, gefenta na gaba. Hanyar da za su bi, ta tagar gefe Octavian yake hango ta. Gumaguman katako suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kusa har yana ganin gansakuka a jikinsu. Ba ƙarar taya, ba komai, sai wani shuuu mai laushi kamar ana jan zane a kan tebur. Ya ji kamar motar ba ta da nauyi, kamar an ɗauke ta an rataye a wani zare da ke hannun matar nan mai kallabi. Sannan ta mayar da sitiyari, kaɗan, kaɗan, bayan ya dawo layi ba ko girgiza, hanya ta sake zama a gabansu.

"...ashe dila ce," in ji Tanti. "Karen fada bai san hawa ba bai san sauka ba."

Octavian ya daɗe yana kallonta. Fuskar dai ita ce, da tabon ƙuna a haɓa da gashin baki ɗaya-ɗaya. Ita ce matar da ke ɗura masa tuwon masara da cuku yana yaro.

"Tanti, me kika yi?"

"Na kauce wa mota."

"A'a, bayan nan. Ta tafi fa. Na ji ta tafi."

"Ba ta tafi ba, tambaya ta yi. Kai da ta tambaye ka ɗazu, ihu ka yi mata da burki." Ta rage gudu don wata kwanar. "Idonka na kan rami, shi ya sa ka nufi rami. Inda kake son zuwa za ka kalla. Kuma ba da ido ake jin ta ba, da mazaunai ake ji. Kafin ido ya gani an makara."

"Wa ya koya miki?"

"Wa zai koya mini? Hanyar nan. Motar da aka ba ni da farko, bayanta ba nauyi, sai na sa buhun yashi biyu. In mai naƙuda na kwance a baya, ba ka da damar girgiza ta, ba ka kuma da damar tsayawa."

Suka isa saura minti goma a fara addu'a. A farfajiyar coci tsofaffi suka bar gaisawa suka bi baƙar motar da kallo, da suka ga wadda ta fito daga mazaunin direba tana neman takalminta sai wurin ya kaure da shewa. Nea Gligor, tsohon mai injin yanka katako, abokin mahaifin Octavian, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Ita ta hawo da kai? To yau ka hau mota, yaro. Ka ga wancan mai hular? A kwana ta shida ta hanyar nan aka haife shi, tana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da uwarsa. Ni kuma wannan," ya ɗaga hannunsa na hagu mai tabo zagaye da wuyan hannu, "da inji ya guntule shi, a cikin tawul ta kai shi gari, ni ina baya ina addu'a. Ƙanƙara har gwiwa. Minti talatin da biyar."

"Arba'in," in ji Tanti tana wucewa da faranti. "Kullum sai ka rage."

Aka yi addu'a, aka je kabari, aka raba koliva a ƙananan kofuna. Octavian ya yi kukan da bai samu ya yi ba bara, don a lokacin jana'iza ya iso a makare. Bayan an ci abinci ya je ya tsaya kusa da Tanti.

"Ki koya mini," ya ce.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ta ƙwala kira. "Gligor! Filin injinka a buɗe yake?"

Filin faffaɗa ne, siminti ne da ruwa ya jiƙe, ba komai a ciki sai tarin dusar katako a gefe. Ta zauna kusa da shi ta ce ya zagaya ya taka. Ya taka, motar ta juya ta tsaya. Ya sake, ta sake juyawa. Tsofaffi sun jeru a ƙarƙashin rumfa da kofunansu, duk juyi ɗaya sai su ɗaga masa kofi.

"Hannunka ya yi nauyi. Ba rufin gida kake bugawa ba. Sake."

A karo na goma sha ɗaya ya ji ta a ƙugunsa tun kafin ta tafi. Hannunsa ya riga tunaninsa, motar ta karkace ta zauna a karkacen, numfashi ɗaya, biyu, sannan ta kuɓuce masa. Ya juyo yana haki kamar yaron da ya fara hawa keke.

"Kin gani? Tanti, kin gani?"

"Na gani. Saura shekara ashirin." Ta murza yatsunta da suka kumbura a gaɓoɓi. Da ta sake magana muryarta ta yi ƙasa. "Shekara shida rabona da sitiyari kafin yau. Fita, Tavi. Ba ni ita kaɗan, ni kaɗai."

Ya fita ya tsaya cikin yayyafi, bai ma tuna da rumfa ba. Motar ta tafi ƙarshen fili a hankali, ta juyo, injin ya ɗaga murya. Bayanta ya fice, ya kuma zauna a nan. Ta zagaye filin a karkace, zagaye cikakke, ruwa na tashi fari daga tayoyin baya, ta shiga na biyu ba ta miƙe ba. Surutun rumfa ya mutu. Nea Gligor ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Duk sanda motar ta gifta ta gabansa, Octavian na hango ta ta gilashi, 'yar ƙarama a bayan sitiyari, kallabinta ya zame zuwa wuya, farin gashinta a waje, bakinta a buɗe tana dariya ita kaɗai.