Sunan Maigida a Bakin Tasalla

Tasalla ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta fito da lambar yabon, ta ajiye a kan teburin Baturen, ta ɗora littafin sojan a gefenta. Jar lakar hanyar Jugu ba ta ma gama bushewa a ƙafarta ba.

Baturen ajidan ne, wato ƙaramin hafsa, na sojan Faransa. Dahome ta daɗe da karɓar mulkin kanta, amma littattafan tsofaffin soja suna nan a hannun masu su na da. Sau ɗaya a shekara ajidan yake haurowa daga Kwatano zuwa Faraku, ya gyara na gyarawa, ya juya. Yau ce ranarsa ta ƙarshe, an riga an kai akwatunansa tashar jirgin ƙasa. Tsofaffin soja sun cika bencinan biron, wato ofishin nasu, wasu da sanda, wasu da ido ɗaya. Duk wanda aka kira sunansa sai ya zabura ya ƙame, ya ce "Firezan," yadda aka koya musu amsa kira a bariki. Mace ɗaya ce tak a ɗakin.

Abin da ya kawo ta ba shi da yawa, a rubuta lambar nan a cikin littafin nan. Mijinta ya baro ƙafarsa ta hagu a yaƙin Andoshin, can gabashin duniya. Yana kwance a gadon asibiti aka maƙala masa lambar masu rauni, wadda sojoji ke kira madai, amma mai rubutu bai rubuta ba. Ƙafar katakon da aka sallamo shi da ita ta karye bara, wani kafinta ya sassaƙa masa wata da guntun taɓarya, ita kuma ta yi ta cin dungun har ya ruɓe. Yanzu ɗakinsa ba ya shiguwa sai da turare. Likitan Jugu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai asibitin soja. Asibitin soja kuwa ba ya ba da gado sai littafi ya nuna a fagen yaƙi aka ji raunin. Littafin bai ce komai ba, sai ka ce mutumin da ƙafafunsa biyu ya dawo.

Tafintan ajidan, Ibrahimu, ɗan Jugu ne, a unguwarsu ya tashi kafin boko ya ɗaura masa igiyar kwat irin ta Turawa a wuya. Ya saurari Baturen, ya juyo.

"Inna, ya ce ina mai littafin?"

"Yana kwance. Ko zama ba ya iyawa."

"Ya ce to ina shaida? Wanda suka yi yaƙin tare."

Da ta sauka a Faraku daga kamyo, babbar motar goro, da hantsi, Zongo ta nufa kai tsaye, gidan Kafaran Usuman, tsohon kofur, wanda ya goyo mijinta a baya ranar da abin ya faru. Da shi ta dogara tun daga gida. Ta yi sallama, ta tarar da matarsa Ummuhani a kan tabarma cikin takaba, tana tambayarta, "Ashe labari bai je muku ba?"

"Shaidan ya rasu," in ji Tasalla. "Ni ce matarsa. Ni nake wanke ciwon nan tun ranar da aka kawo shi."

Ajidan ya juya lambar a hannu, ya buɗe littafin, ya karanta, sannan ya kife tafinsa a kan shafin. Ya yi magana a taƙaice.

Ibrahimu ya sosa ƙeya. "Inna, ya ce zai karɓi rantsuwarki a madadin shaida. Amma ki fara faɗa masa sunan mijinki, da na mahaifinsa."

Hannun Tasalla ya kai bakinta tun kafin ta yi tunani.

Wanda bai sani ba zai ce mene ne abin wuya a nan. Tun ranar da aka kai Tasalla ɗakin mutumin nan sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba, ko cikin faɗa, ko a mafarki. Maigida take cewa, ko Malam. Yaron maƙwabta da ya ci sunan, mai sunan Malam take kiransa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta, kuma a gidajen fataken Jugu macen da ta kama sunan mijinta gatsau an gama da tarbiyyarta. Sunan suruki kuwa ba a ma kawo zancensa.

Kunyar nan ce ma ta ja musu wannan wahala tun farko. Shekarun baya wani akawu ya bi gida-gida a Jugu yana cike abin da aka manta a littattafan soja. Ya zo Maigida ya tafi sarin goro da littafinsa a aljihu. Akawu ya ce ba komai, a faɗa masa suna kawai ya duba a rajistarsa. Tasalla ta sunkuyar da kai. Aka kira uwar miji, ita kuma ɗan farinta ne, ta juya fuska ga bango. Akawu ya gaji da tsayuwa a rana, ya hau kekensa. A lokacin dariya aka yi ta yi a gidan.

"Ibrahimu," ta ce ƙasa-ƙasa, "kai ka san shi. A gabanka yake zama kasuwa. Ka faɗa, ni in ɗaga kai."

Ibrahimu ya gwada. Ajidan ya ɗaga yatsa, ya tsayar da shi. Wani tsoho mai ido ɗaya ya miƙe daga benci, ya fara bayani da Faransancin bariki cewa matanmu ba sa yin haka. Ajidan ya daka masa tsawa ɗaya, tsohon ya koma ya zauna, tsoron farar fata bai sake shi ba har yau.

"Inna," Ibrahimu ya ce, gumi na bin wuyansa, "ya ce ya gaji da mutanen da ke sayen littafin matattu da madai a kasuwa su zo su yi masa kuka. Ya ce a duk duniya bai taɓa ganin matar da ba ta san sunan mijinta ba."

"Na sani."

"To ki faɗa, don Allah. Ta jirginsa yake yi."

Ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Ta ji idanun mazan nan a bayanta, sa'o'in ubanta, wasunsu 'yan Jugu da za su riga ta isa gida da labari. Ajidan ya dubi agogonsa. Ya ja aljihun tebur, ya share lambar da littafin da gefen hannu suka faɗa ciki, ya tura ya rufe, ya ce a kira na gaba.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tuna warin ɗakin, da yadda jiya ya riƙe bakin zanenta da za ta fito, mutumin da bai taɓa roƙonta komai ba. In jirgin nan ya tashi sai baɗi, kuma ita ta san dungun nan ba zai kai kaka ba.

Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Badamasi," ta ce.

Ajidan ya kai hannu kunne, wai bai ji ba.

"Badamasi." Wannan karon har na bakin ƙofa ya ji. "Badamasi ɗan Labaran, na gidan masu goro a Jugu. Mijina ne. Ƙafar hagu, ƙasa da gwiwa."

Tsofaffin suka sunkuyar da kai kamar su ne aka tuɓe. Ibrahimu ya rasa inda zai sa idonsa, ya ƙura wa takalminsa. Shi kuwa ajidan ko a jikinsa. Ya jawo aljihun, ya duba shafin, ya gyaɗa kai, ya sa ta ɗaga hannu ta rantse. Ya yi ɗan rubutun da bai kai tsawon yatsa ba, ya buga hatimi, ya tura mata kayanta. Abin da aka yi shekaru ana nema ke nan.

"Ya ce kamyon biro zai je ya ɗauko shi jibi," in ji Ibrahimu, bai ɗago ba. "Ki yi haƙuri, Inna."

Da za ta fita, tsohon mai ido ɗaya ya janye sandarsa daga hanya, ya ce, "Ba mu ji komai ba, 'yata. Ki gaishe shi."

A gidan Ummuhani ta kwana, da sassafe ta samu kamyon doya. Azahar ta yi mata a ƙofar gida. 'Yar autarta Mairo ta tare ta a zaure, idanu sun kumbura.

"Inna, tun da kika tafi bai ce uffan ba. Ko ruwa ya ƙi buɗe baki."

Tasalla ta faɗa ɗakin ba ta ko cire takalmi ba. Yana kwance yadda ta bar shi, jiki zafi rau, numfashi sama-sama. Ta durƙusa.

"Maigida."

Bai motsa ba.

"Malam. An rubuta. Ga shi, an buga hatimi." Ta cusa masa lambar a tafi, yatsun ba su kama ba. "Baban Mairo, don Allah."

Ta girgiza kafaɗarsa, ta sake girgizawa. Duk sunayen da take da su sun ƙare. Ta waiga, Mairo na tsaye a bakin ƙofa da ƙoƙon ruwa. Tasalla ta sunkuya, ta kai bakinta kunnensa.

"Badamasi."

Uwarsa ba ta taɓa kiransa haka ba, garin kuma Sarzan yake ce masa, muƙaminsa na soja. Inda aka fi kiran sunan nan wuri ɗaya ne, bariki. Kafaɗunsa suka motsa a kan tabarma, ƙafa ɗayar ta miƙe, yatsunsa suka damƙe lambar.

"Firezan," ya ce, murya a shaƙe.

Ya buɗe ido da ƙyar, ya bi rufin ɗakin da kallo, ya sauke a kanta.

"Wa ya kira ni?"

Tasalla ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta miƙa hannu Mairo ta ba ta ƙoƙon.

"A biro ne," ta ce. "An ce ka jira, kamyo na tafe. Buɗe baki ka sha."

Ya buɗe.