Hular da Fasuma ta Ɗinka

Babayo ya shekara goma sha biyu a Guangzhou, amma Sinancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya iya "nawa ne", ya iya "ya yi tsada, lawban", wato maigida, in aka ce masa "meyo" ya san babu ke nan, ya ƙara gaba. Kayan keken ɗinki yake saye yana aikawa Kano, da yamma ya koma ɗakinsa a unguwar Sanyuanli. Sai dai mutumin ɗan makaɗa ne gaba da baya. Kalangun mahaifinsa, marigayi Maidaji, yana rataye a bayan ƙofa, yakan sauke shi ranar Sallah ko in wani ɗan gida ya yi suna.

A wajen wani sunan ne Malam Liang ya ji shi. Tsoho ne mai tsara waƙoƙin wasan dandamali, irin wasan da 'yan wasa ke rera zancensu maimakon su faɗe shi. Yana wucewa ta ƙofar gidan abincin da ake sunan ya ji ganga tana magana, ya shigo ba gayyata, ya zauna daram a tsakiyar Kanawa. Daga ranar ya liƙe wa Babayo, har ya sa kalangu cikin wani wasansa na fataken teku. Shekara tara suna tare, rabin hirarsu da hannu ake yin ta, amma Babayo yana son tsohon nan kamar uba, kuma ba ya ɓoyewa.

To, da Malam Liang ya cika shekara tamanin, aka shirya masa gagarumin bikin karramawa a wani babban zauren wasa a unguwar Tianhe. Mawaƙan da suka taɓa rera waƙoƙinsa duk za su zo, kyamara shida za su ɗauka, a nuna a talabijin. Aka sa Babayo cikin shirin: zai yi kiɗa, sannan ya ɗora wa tsohon hula irin ta Hausawa. Har a takardar shirin an buga haka.

Babayo bai yarda da hular kanti ba. Yayarsa Fasuma ya sa ta ɗinka da hannu a Fagge, wata huɗu tana fama da allura da tabarau. Da ta iso ya ga koriya ce shar, aikin zare kamar a lasa, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya hana kowa gani in ba matarsa Barira ba.

Ranar bikin, bayan azahar, yana tsaye a bayan labule tare da Hajiya Rukaya, 'yar zangon Kumasi mai ofishin aika kaya, wadda ke zuba Sinanci kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ita za ta yi masa tafinta. Can a gaba wata mawaƙiya tana jan murya, goge kusan ashirin suna binta. Ɗoki ya ishe shi, ya buɗe ƙyallen.

"Hajiya, duba aikin Kano."

Rukaya ta duba, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Alhaji, wannan za ka ɗora masa?"

"Me ta yi?"

"Shekara goma sha biyu, ka taɓa ganin namijin ƙasar nan da koriyar hula? A wurinsu, in aka ce mutum ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa. Ga matar tsohon can a layin gaba. Ga 'ya'ya, ga jikoki, ga kyamara!"

Gumi ya karyo wa Babayo duk da sanyin zauren. Shi da ya zo fita kunyar tsoho, ashe zagi ya naɗo a ƙyalle tun daga Fagge. Rukaya ta ruga wajen masu kula da tufafin wasa, ta dawo hannu rabbana. Hulunan sojan ruwa ne kawai gare su. Wata mai abin magana a kunne ta leƙo, ta ɗaga musu yatsu biyar, saura minti biyar ke nan.

Hula ɗaya ta rage, ita ce ta kansa. Tsohuwa ce ruwan ƙasa, bakinta ya koɗe, ta Maidaji ce. Da ita da kalangun ne kaɗai abin da ya gada, kuma bai taɓa kiɗa ba tare da ita ba. Ya cire ta, ya daɗe yana juya ta a hannu, zuciyarsa na ciwo. Sannan ya naɗe ta a farin ƙyallen, ya kifa koriyar a kansa.

"A'a, Alhaji!" in ji Rukaya. "Kai kuma sai a yi maka dariya. Fita hakanan mana."

"Babbar riga ba hula? A nuna ni a Fagge kamar wanda aka tsamo daga rijiya? Bar su su dara. Allah ya san Barira, ni ma na san ta."

Aka kira sunansa. Yana fitowa ya ji ƙus-ƙus ya tashi daga baya, wata ta toshe baki, wani ya kasa riƙewa ya saki dariya. Kyamara ɗaya ta gangaro kan doguwar sandarta ta tsaya daidai goshinsa, ja'ira. Babayo ya matse kalangu a hammata ya fara. Hannun bai ba shi kunya ba, ya kaɗa waƙar fataken teku, sauran makaɗan suka ɗauka, amma shi kunnensa na wajen masu dariya.

Da aka gama tafi, aka riƙo Malam Liang ya hau dandamali da sandarsa. Babayo ya russuna, ya buɗe ƙyallen, ya miƙa hular da hannu biyu.

Tsohon bai sunkuyar da kai ba. Ya dubi hular, ya dubi ta kan Babayo, ya sake duban hular. Babayo ya ce a ransa, shi ke nan, ya raina ta, na kawo wa mutum tsumma a gaban duniya. Malam Liang ya karɓi abin magana ya yi jawabi, Rukaya ta matso kusa tana raɗa wa Babayo fassarar a kunne.

"Ya ce ya san hular nan. Ya ce shekara tara yana kallonta a kanka, kuma ka taɓa gaya masa ta mahaifinka ce. Ya ce shi ba ya karɓar abin da uba ya bar wa ɗansa. Ya ce sabuwar da ke kanka, ya san shi aka ɗinka wa."

Kafin Babayo ya motsa, tsohon ya miƙa hannu ya zare koriyar, ya ɗora a kan furfurarsa. Zauren ya ja numfashi gaba ɗaya. Shi kuwa ya juya ga kyamara, ya nuna matarsa da sanda, ya faɗi wata magana, wurin ya kece da dariya kamar rufin zai faɗo. Rukaya da ƙyar ta iya fassarawa.

"Wai shekara hamsin da biyu suna tare. In har yau akwai mai neman tsohuwar nan, ya fito, shi da kansa zai tare musu taksi!"

Tsohuwar ta miƙe, 'yar firit da ita, tana kaɗa masa maficinta, tana faɗa tana dariya har da hawaye. Wai ta ce hular ta fi shi kyau, kuma ya kuskura ya cire ta ya gani. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. A layi na huɗu Barira, wadda ba ta san hawa ba balle sauka, ta ga ana yaba aikin yayar mijinta, ta rangaɗa guɗa ta Kano, kyamara biyu suka juya kanta.

Babayo ya ce alhamdulillahi a fili, har abin magana ya ɗauka. Malam Liang ya ɗauki hular Maidaji, ya yi ɗage, ya ɗora masa da hannunsa. Ta zauna a karkace, gabanta ya koma wajen kunne. Babayo ya share ido da bayan hannu, ya gyara zaman kalangu ya shiga taken mahaifinsa, kuma har aka tashi bai taɓa hular ba.