Robar Kawu Dogo

Duk Fakku an san Kawu Dogo ba ya yin abu rabi da rabi. Rediyonsa a ƙure, babur ɗinsa a ƙure. Tsohon injin ban-ruwansa kuwa da guntuwar roba yake ɗaure totur ɗinsa, wai don kada ya yi masa lalaci. Shi kansa haka yake: tun da Inno ta aure shi ba ta taɓa ganin ya zauna da rana tsaka ba.

Da man fetur ya fi ƙarfinsa, sai Hamdiya, ɗiyar ƙanwarsa mai shagon gyaran kayan sola a Tambuwal, ta haɗa masa famfo mai aiki da hasken rana. Ɗan akwatin da ke sarrafa gudun famfon ma ita ta ƙera shi da hannunta. Ya yi aiki lafiya lau, sai ya ƙone. Ta gyara, ya sake ƙonewa. Kullum abu ɗaya ke mutuwa: mosfet, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ke buɗe wa wuta hanya yana rufewa. Ga albasa ta fara kai, ga rana ta buɗe, ganye ya soma kwanciya. Mosfet ɗaya tak ya rage mata a gwangwanin kayan gyaranta, irinsa kuma sai an aiko daga nesa. In ya tafi, albasar Kawu ta tafi.

Abin ya dame ta ƙwarai, har ta fara zargin kanta. Don haka wannan karon ba ta yi waya ba, ta hau ɗan acaɓa da hantsi ta dira a fadama. Kawu na can ƙarshen gona yana jan ruwa da guga, gumi sharkaf. Ta duƙa gaban akwatin, sai ta yi sororo. Ƙusar da ta kafa don hana abin murɗawa na ƙara gudun famfo kaiwa ƙarshe tana yashe a ƙasa. An murɗe shi har iyaka, an kuma ɗaure shi tam da roba.

"Kawu! Mi nika gani haka?"

Ya taho yana sosa ƙeya. "Ke ɗiyata, ba ki yi sallama ba?"

Inno, da ta kawo masa fura, ta fashe da dariya. "Ai in kin ce za ki zo, da sauri shika kwance robar, shi mai da ƙusa. Yau Allah ya kama shi."

"To ina laihina?" in ji Kawu. "Abu na da sauran gudu, an sa mai ƙusa an tauye shi. Ga maƙwabta na roƙon ruwa, in ce musu mi?"

Hamdiya ta so ta yi fushi, dariya ta hana ta. Ta buɗe akwatin ta nuna masa. Shi mosfet ɗin nan a saman layin wuta yake zaune, ƙofarsa kuma ba ta buɗewa sosai sai da ƙarfin da ya ɗara na solar kanta. Wannan ƙarin, wani ɗan kafasito mai tara wuta ne yake ɗauke da shi, shi kuma ba ya cika sai mosfet ya rufe na ɗan ƙiftawar ido. In an murɗe har iyaka kuwa, mosfet ba ya samun rufewa.

"Kamar gugar nan taka ce, Kawu. In ba ta sauka ba, da mi za ta hau? Kai ka riƙe ta sama, ta tsiyaye, ƙofa ta tsaya rabi, abu ya yi zafi ya toye."

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Amma ta ga idonsa na kan robar, ta kuwa san kawunta. Ko ƙusa goma ta kafa, zare su zai yi.

Sai ta canza shawara. Ta sa ƙarfen liƙi cikin garwashin da Inno ta hura, ta liƙa mosfet na ƙarshe da dalma. Sannan ta ƙara ɗan resista mai tauye wuta a ƙafar abin murɗawar, ta yadda ko an kai shi bango, mosfet zai ci gaba da samun ɗan hutunsa, kafasito ya sha ya ƙoshi. Ta jefa ƙusar cikin gwangwani, ta miƙa masa robarsa.

"Murɗa har ƙarshe, Kawu. Ɗaure."

Ya kalle ta da shakka, ya murɗa, ya ɗaure. Famfo ya ɗauka. Ta ɗora yatsa kan mosfet ɗin, ta jira. Ruwa ya cika kwamin albasa na farko, ya faɗa na biyu, ya gangara har gonar maƙwabci. Rana ta take tsaka, abin nan ko ɗumin kirki bai yi ba. Daɗi ya kama ta har sai da ta share ido.

"Kin gani?" in ji Kawu yana washe baki. "Dama na ce yana iya gudu!"

"Yana iya, tunda yana hutawa," in ji Inno. "Hamdiya, ba ki da wani resistan ki liƙa wa kawunki?"

Kawu ya yi tsaki, ya waiwaya neman gugarsa. Ya dubi ruwan da ke tafiya da kansa, ya dubi hannayensa, ya rasa abin yi da su. A hankali ya tako gindin mangwaro ya zauna kusa da Inno.

"To, miƙo furar."