Gorar Lemo a Gindin Rumbun Baffa

Kai ma ka taɓa ganinta, kada ka musa. Gorar lemo ce ta roba, an cika ta da maganin feshi, an ajiye a gindin rumbu ko a tagar zaure. Ka gani, ka kau da kai, ka ci gaba da tambayar lafiyar iyali. Na san haka ka yi, domin haka na yi.

A dogon hutun damina muka tashi daga Kano, ni da matata Lauratu da 'ya'yanmu biyu, Munawwara mai shekara shida da Zakiyya mai uku. Gwangwan muka nufa, gidan Baffa Gwadabe, ƙanen mahaifina, za mu yi mako guda. Tun ba mu fita gari ba Zakiyya ta fara tambaya ko mun iso. Kafin Karaye ta yi amai a cinyar uwarta. Muka tsaya a Karaye aka wanke ta, na saya mata lemo a koriyar gora don cikinta ya lafa. Ta rungume gorar, ta ƙi saki har Rogo.

A hanyar ne Lauratu ta sa na yi alkawari. Zuwana na baya na yi wa mutanen gidan huɗuba a kan rijiya da masai da ƙudaje, har Baffa ya laƙaba mini Dubagari, ya daina cin tuwo da ni. Ta ce wannan karon hutu muka zo, duk abin da na gani in haɗiye, in bar yara su san danginsu. Na ce na ji.

Baffa ya tarbe mu a ƙofar gida, laka har gwiwa, dawowarsa ke nan daga gonar gyaɗa.

"Dubagari, an iso? Yau kuma me za a rushe mana?"

"Ba komai, Baffa. Gaisuwa ce kawai."

"Allah ya sa. Miƙo mini amaryata in gani ko ta yi kyau."

Ya ɗaga Zakiyya sama, ya ce mutanen birni sun ramar masa da ita. Ta damƙi gemunsa ta ja, ya yi ƙara da gangan, yaran gida suka fashe da dariya.

Ina durƙushe ina gaishe da matarsa, Inna Adama, na hango gorar a gindin rumbu, kusa da injin feshi. Koriya, irin wadda na saya a Karaye. Baffa ba ya sayen magani da galan. Mai shago ke tsiyaya masa a duk gorar da ta samu. Na san abin da ke ciki. Maganar ta zo har bakina. Na dubi Baffa yana wasa da jikarsa, na dubi Lauratu, na ce a raina gobe in mun keɓe zan gaya masa a hankali. Ko ɗaga gorar in ɗora a kan katanga ban yi ba, don kada a ce daga zuwana na fara taɓa kayan mutane.

Washegari da hantsi Baffa ya ja ni zagayen gaisuwa gida-gida. Muna gida na huɗu Munawwara ta shigo a guje, ba takalmi. Ta ce Zakiyya ta sha lemon Kaka, tana ta kuka tana tofarwa.

Na tarar mata sun kewaye ta. Inna Adama na ɗura mata manja, wata na cewa a kawo nono, wata na cewa a sa mata yatsa ta amayar. Na ƙwace ta na nufi mota. Baffa ya shigo baya riƙe da gorar.

A asibiti likita ta tambayi sunan maganin. Babu komai a jikin gorar sai takardar lemo. Baffa ya ce na ciyawa ne. Wanne daga ciki? Bai sani ba. Ni mai digiri ma ban sani ba.

A barandar asibitin na yi wa Baffa abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce sakacinsu ne ke kashe yara, sannan su ce ƙaddara. Ya tsaya da hularsa a hannu har na gama.

"Shekara ashirin a nan nake ajiye shi," in ji shi. "Yaran gidan nan duk sun san shi, ita ce baƙuwa. Abdussalam, kai da ba abin da ke wuce idonka, da ka gani jiya ai da ka faɗa mini."

Ban ce masa na gani ba. Har yau ban faɗa ba.

Zakiyya ta rayu. An mayar da mu asibitin Kano, muka yi kwana goma sha ɗaya. Maƙogwaronta ya ƙone; wata huɗu ba ta haɗiye komai sai kunu mai ruwa, muryarta kuma har yanzu a dishe take. Idan ta kira ni daga ɗaki sai na kasa kunne sosai. Baffa ya aiko da buhun gyaɗa bayan kaka, amma bai zo ba. An ce ya daina zama a majalisa, yana cewa shi ya cuci yarinyar. Na bar shi yana ɗauke da kayan nan shi kaɗai.

Hutu ya sake matsowa, na san kana shirin kai yara gida. Idan ka sauka, kafin ka zauna a tabarma, zagaya tsakar gida ka duba gindin rumbu da bayan randa. Abin da ka gani ka ɗauke da hannunka, ka kulle shi inda yaro ba ya kaiwa, ka nemo sunansa ka rubuta a jiki. Sannan ka gaya wa maigidan a ranar, cikin ladabi, ko da zai yi fushi. Kada ka bari sai gobe.