Godiya a Ƙasan Shafi

Yatsan lauyar ya fara daga saman takardar, inda ake jera sunayen masu bincike. Ya gangara, ya yi ta gangarawa, sai da ya kai can ƙasa wurin ƙananan baƙaƙe sannan ya tsaya.

"Ga ka nan," in ji ta. "Ana godiya ga Dakta Dipendra Khadka bisa taimakonsa. Wannan ma haka. Wannan ma. Dakta, hukumar shige da fice ba ta duba godiya, suna take dubawa."

Mijina ya yi murmushin nan nasa mai ƙona min rai. Kusan shekara goma ke nan yana binciken cutar tsatsar alkama a ɗakin gwajin Farfesa Whitlock a nan Minnesota. Shi ne shuka, shi ne awo, shi ne rubutu, amma in takarda ta fito sunan Whitlock ne a sama. Duk shekara kuwa in aka ta da maganar jami'a ta nema mana izinin zama na dindindin, sai Whitlock ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baɗi, Dip, baɗi." Ko sunan ma ya gutsure rabi. Ya san sarai ranar da katin izinin ya fito, mijina na iya kama gabansa.

Da mu kaɗai ne da mun ci gaba da haɗiyewa. Amma ga Pratiksha, 'yarmu tilo. Da bazara za ta cika ashirin da ɗaya, ranar kuwa doka za ta daina lissafa ta a cikin iyalin ubanta. Sai a mayar da ita Kathmandu, garinmu na asali da ko hanyar kasuwarsa ta manta.

"Kana iya nema da kanka," in ji lauyar. "Amma sai manyan masana sun rubuto shaida, kuma shaidar bare ta fi nauyi. Wanda bai taɓa aiki da kai ba, ba aboki ba, ba maigida ba."

Na kasa haƙuri. Na ce, "To wane bare ne ya san shi, an jingine shi kamar tsintsiya a bayan ƙofa?"

* * *

Muna naɗe momo, ƙullin fulawa mai nama a ciki irin na ƙasarmu, a kicin, ni da 'yata, uban yana yanka albasa, Pratiksha ta ce, "Baba, tsohuwar nan fa ta Kansas?"

"Mayyar nan?" Na ajiye cokali. "Ke, rufa mana asiri!"

Farfesa Dettweiler ke nan. A wani taron masana, Whitlock ya gama jawabi ana tafi, ta miƙe ta jefo tambaya. Gogan naku ya yi inda-inda, ya yafito Dipendra daga kujerar baya. Nan ta tsare min miji da tambayoyi a gaban jama'a, ta ce awonsa na zafin ƙasa shirme ne. Ya dawo gida ko shinkafa bai iya ci ba. Ranar na tsine mata tas, ban rage komai ba.

"Mama, ai shi ya sa," in ji yarinyar. "Ita kaɗai ta taɓa yi masa tambaya."

Dipendra ya share ido, ya ce albasa ce. Ya daɗe yana jujjuya wayar kafin ya danna, ya buɗe murya muna ji.

"Khadka? Mai taurin kan nan?" Muryarta kamar ana jan kujera a siminti. "Har gobe ba ka da gaskiya a kan zafin ƙasa. Me kake so?"

Ya faɗa mata, yana sarƙe harshe.

"Na san wanda ya yi aikin nan tun ranar," ta ce. "Wanda ya noma gona shi ya san inda kututture yake. Shekarar yarinyar nawa?"

Ya faɗa.

"Kai wane irin mutum ne, sai yanzu? Turo min komai yau."

Ta rubuta. Ta kuma taso wasu tsofaffi biyu irinta, ɗaya a Kanada ɗaya a Meziko, su ma suka rubuta. Ni Sabitri, da bakin da na zage ta, da shi na yi ta sa mata albarka ina kuka a kan tukunya.

* * *

Amincewar hukumar ta iso dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Lauya ta ce an tsere wa ranar cikarta ashirin da ɗaya, Pratiksha ta samu zama tare da mu. Yarinyar ta durƙushe a tsakar ɗaki ta rungume ƙafafun ubanta.

A wurinmu, wanda ya fid da kai daga rami sai ya ci daga tukunyarka, in ba haka ba godiyar ba ta cika ba. Na karɓi wayar da kaina na kira Farfesa Dettweiler, na ce za mu yi walima, za mu aiko mata tikitin jirgi, in ba za ta iya ba in aika da sel roti, soyayyar gurasarmu ta shinkafa, a kwali.

"Kul," ta ce. "Uwar Pratiksha, ban yi muku alfarma ba, abin da na gani na faɗa. Irin mijinki sun fi a ƙirga a ɗakunan gwajin ƙasar nan. In aka ji ina cin abincin waɗanda na yi wa shaida, wa zai yarda da ni in wani ya kira gobe? Ki gaishe da yarinyar. Ki ce wa mai taurin kai wata mai zuwa zan fid da raddi a kansa, da sunansa a sama."

Na yi dariya, hawaye na zuba.

Ranar walimar Whitlock ya zo, Dipendra ne ya gayyace shi, don har yanzu a ƙarƙashinsa yake. Ya ɗaga kofi ya ce, "Mun yi nasara, Dip! Ai da ka gaya min abin ya matso haka." Mijina ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Na ciji leɓe na ƙara masa nama. Faranti biyu ya share, har da neman na tafiya da shi gida.

Tun kafin baƙi su iso na zuba mafi kyawun momo a farantin tagulla da na taho da shi daga gida, na rufe, na ajiye a ƙarshen tebur gaban kujerar da na hana kowa zama. Whitlock ya miƙa hannu, Pratiksha ta janye farantin.

"Wannan da mai shi," ta ce.

Da kowa ya watse na buɗe. Ya huce, man ya daskare a gefe. Na mayar da murfin.