Inda Muryar Take Tsayawa

Tun da idanun Mama suka mutu, abu ɗaya take roƙona: ta ji labaran ƙuruciyarsu da Baba ya buga a tsohuwar kwamfutarsa kafin ya rasu. Ni kuwa gyaran kwamfuta ne sana'ata, har tutiya nake yi da shi. Na kwashe fayilolin zuwa tawa, na sa manhajar da ke karanta rubutu da murya, na ajiye mata a kan teburin falo. A raina na ce wannan ai aikin shan ruwa ne.

Muryar ta fara tiryan-tiryan: "Ranar da na fara ganin..." Sai tsit. Allo ya ƙame, fankar ciki tana ta huci. Na kashe na kunna, ta sake tsayawa a wuri guda. Na gwada wani fayil, nan ma a tsakiyar zance. Na zagi manhajar, na zagi kebul, har fulashin da na kwaso fayilolin a ciki bai tsira ba.

Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne Mama. Duk lokacin da muryar ta ɗauke, sai ta gyara ɗankwali ta juya fuska wajen ƙofa, kamar wani ya yi sallama.

"Mama, lalacewa fa ta yi."

"Na ji, uwar iyawa. Bar shi tukuna."

Washegari a shago na buɗe cikin fayil ɗin ina bin sa harafi-harafi. Ashe tsohuwar na'urar ba ta da haruffa masu ƙugiya, Baba kuma bai damu ba: kofa, daki, barawo, haka yake zuba su. Kalma ɗaya tak ya ƙi barinta haka, wato Ɗawisu, sunan da yake kiran Mama. Sai ya buga D, ya sa alamar komawa baya, ya ɗora waƙafi a kai don ƙugiyar ta fito a takarda. Wannan alamar ce manhajar ba ta sani ba, take tsayawa jiran abin da ba zai zo ba.

Na maye gurbin kowane irin wannan D da harafin Ɗ na kirki, na dawo gida ina washe baki. Muryar ta karanta sumul: "Ranar da na fara ganin Ɗawisu a bakin famfo."

Mama ta lalubo hannuna ta riƙe. Nata ya yi sanyi ƙalau.

"Wannan ba shi ba ne. Babanki bai taɓa kiran sunan nan kai tsaye ba. Sai ya tsaya, ya haɗiyi yawu, ni kuma in jira. Me kika yi masa?"

Wallahi kuka ne ya taso mini, ga haushin kaina. Na mayar da tsohon fayil ɗin. Muryar ta zo wurin ta tsaya, fanka ta kama huci. Na kai hannu zan kashe.

"Kar ki katse shi," in ji Mama. "Yanzu zai faɗa."