Layin Alhaji Tamada

Dudu ya faɗo ofishin ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Yelwa ko sallama bai gama ba, wandonsa jiƙe har gwiwa. Suwaiba, sakatariyar ƙungiyar, tana gaban kwamfutar da ke raba wa jirage layin ɗaukar fasinja.

Ƙorafinsa ɗaya ne. Shekara uku ke nan, duk ranar kasuwar Warra, layin farko na wani Alhaji Tamada ne. Mutumin bai taɓa zuwa ba, amma sai an jira shi har rana ta ɗaga, fasinjoji su gaji su hau mota. Dudu, mai layi na biyu, ya rantse in ba a gyara ba zai fice daga ƙungiyar.

Suwaiba ta nuna masa allon. Gidaɗo, wanda ya rubuta manhajar kafin ya koma Kaduna, ya bar mata wani gwaji mai gudana da kansa kowace safiya, yana duba ko rabon layi daidai yake. Kullum kore yake nunawa, alamar komai daidai.

"Ɗiyata," in ji Dudu, "koren nan ya taɓa ganin Alhajin da idonsa?"

Tambayar ta tsaya mata a rai. Ta zazzage durowa har ta samo littafin da Gidaɗo ya bari, wanda ba a taɓa buɗewa ba. A shafi na biyu ta ga bayanin: Alhaji Tamada sunan ƙarya ne, ya ƙirƙiro shi don gwajin ya samu jirgin da zai auna rabo da shi. A cire shi da zarar an fara aiki, a riƙa sabunta gwajin duk sanda tsari ya canza.

Wuni biyu ta yi tana bin littafin layi-layi. Ta cire Alhaji Tamada daga layi, ta ware wa gwajin jerinsa daban, ta ƙara masa sabuwar tambaya: shin kowane jirgi yana da rajista? Dudu ya koma na farko.

Sai ta sanar wa taron ƙungiya cewa babu Alhaji Tamada. Modibbo, shugaban ƙungiyar, wanda ya sha faɗa wa baƙi cewa tare suka yi aikin Hajji da Alhajin, ya cire hularsa a hankali.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Mutum ne marar hayaniya. Ina za a je gaisuwa?"